Sharhi a Kan Tsarin Babi Biyar a Kundayen Bincike na Hausa

Duk malamin da ya saba duba kundayen kammala karatu na ɗaliban Hausa, a kwalejin ilimi ne ko a jami'a, ya san abin da zai tarar tun bai buɗe bango ba. Babi na ɗaya shimfiɗa ce, da manufar bincike, da dalilinsa, da muhimmancinsa, da farfajiyarsa, da hujjar ci gaba da shi. Babi na biyu bitar ayyukan da suka gabata. Babi na uku hanyoyin gudanar da bincike, ko kuma tarihin mawaƙi ko marubucin da ake nazari. Babi na huɗu shi ake kira gundarin aiki. Babi na biyar kammalawa ce da shawarwari, sai manazarta da rataye su biyo baya. Wannan tsari ya zauna daram har wasu ɗalibai suna ɗaukar cewa shi ne binciken kansa, wato duk wanda ya cike waɗannan gurabu ya yi bincike. Abin da wannan sharhi yake son ya nuna shi ne, tsarin rubutun ilimi daga tambayar da ake son amsawa ya kamata ya tsiro, kuma mu masu tsara manhaja muna da hannu a cikin yadda ɗalibi yake isa jami'a bai san haka ba.

Kafin a yi suka, wajibi ne a faɗi gaskiya game da nisan da aka yi. Magabatanmu a wannan fage da Ingilishi suka rubuta kundayen digirinsu na uku, galibi kuma a ƙasashen waje. M. K. M. Galadanci ya kammala nasa a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a kan Mamman Shata a Indiana ta Amurka a 1975, Dalhatu Muhammad a kan Aƙilu Aliyu a Landan a 1977, Abdulƙadir Ɗangambo kuma a kan waƙoƙin wa'azi a 1980. Ya zuwa 1988 kuwa, Sa'idu Muhammad Gusau ya gabatar da kundin digiri na uku a kan waƙoƙin makaɗan fada a Jami'ar Bayero, da Hausa tsantsa. A wannan shekara ce aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, mai hedikwata a nan Sheda, ta hanyar haɗe hukumomi huɗu, ciki har da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa. Bayan shekara biyu, a 1990, aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace. Wannan ƙamus ya taimaka ainun wajen daidaita kalmomin da muke bayanin harshe da adabi da su. To amma ƙamus aikinsa kalma. Ƙirar kundin ita kanta aro muka yi ta kamar yadda muka same ta, muka fassara kanun babi-babi, muka ci gaba da tafiya.

Inda tsarin ya fito

Tsarin babi biyar ɗan'uwa ne ga tsarin da masana kimiyya suke rubuta rahoton gwaji da shi: gabatarwa, hanya, sakamako, tattaunawa. A Amurka an mayar da wannan tsari ƙa'ida ta rubutun kimiyya a 1972, masu binciken ilimi da na zamantakewa kuma suka daidaita shi da aikinsu na rarraba takardun tambayoyi da ƙididdiga. A can yana da ma'ana. Wanda ya gwada magani a kan marasa lafiya dole ya bayyana su nawa ne, yaya ya zaɓe su, me ya ba su, domin wani ya iya maimaita gwajin ya ga ko zai sami abin da ya samu. Sakamako yana zuwa bayan hanya saboda haka aikin yake tafiya. Ko a can ɗin ma ba a rasa masu ƙorafi ba. Peter Medawar, wanda ya ci lambar Nobel, ya yi wata lacca a gidan rediyon BBC a 1963 inda ya yi zargin cewa takardar kimiyya tana ɓoye ainihin yadda tunanin mai bincike ya gudana.

Akwai binciken Hausa da wannan riga take yi wa daidai. Wanda yake son ya gano irin kurakuran ƙa'idojin rubutu da ɗaliban ƙaramar sakandare suka fi yi, ko wanda yake auna yadda matasan wani gari suke sarrafa wasu sautuka, yana bukatar ya faɗi makarantu nawa, mutum nawa, da wace hanya. Matsala tana tasowa ne idan aka sa wa nazarin waƙa ko na ƙagaggen labari ko na al'ada wannan riga. Hanyar mai nazarin waƙa ita ce karatu da saurare da kwatantawa. Da yake dole ya cika babi guda da bayanin hanya, sai ka ga ya rubuta cewa ya ziyarci ɗakunan karatu, ya saurari rediyo, ya tattauna da masana, ya leƙa intanet. Duk gaskiya ne, amma babu abin da ya ƙara wa mai karatu.

A ɗauka ɗalibi ya zaɓi take kamar "Barkwanci a Cikin Ruwan Bagaja". Abin da aka saba gani shi ne, zai fara da ma'anar adabi da rabe-rabensa, ya kawo abin da Ɗangambo ya faɗa a littafinsa na 1984. Sau da yawa zai koma ga asalin Hausawa, Bayajida ya zo Daura, ya kashe macijiya. Daga nan sai tarihin Abubakar Imam: haihuwarsa a Kagara a 1911, gasar rubutun 1933 da ta haifar da littafin, aikinsa na editan Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, rasuwarsa a 1981. Kafin a zo kan barkwancin, kashi biyu cikin uku na kundin ya tafi. Abin da ya rage sai jerin wuraren ban dariya, kowanne da ɗan bayanin abin da ya faru. Ba laifin ɗalibin ba ne shi kaɗai. Take aka ba shi, ba a nemi tambaya daga gare shi ba. Da an matsa masa ya yi tambaya, mai yiwuwa ya lura cewa yawancin dariyar littafin tana fitowa ne daga haɗuwar Alhaji da Malam Zurƙe, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Da ya tambayi abin da wannan ramuwar gayya take yi wa tafiyar labarin, da babi-babinsa sun fito da kansu: yadda kowace haɗuwa take ginuwa, abin da yake canzawa daga wata zuwa wata, da inda wannan salo ya yi kama da tatsuniyoyin wayo na Gizo ko ya saɓa musu. Tarihin Imam zai shigo a daidai inda ake bukatarsa. Bayajida kuwa ba shi da abin yi a wurin.

Bitar ayyukan da suka gabata

Babu inda wannan cuta ta fi bayyana kamar babi na biyu, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Yawancin ɗalibai suna kasa bitarsu bisa nau'in bugu: bugaggun littattafai, sai kundayen digiri, sai mujallu, sai maƙalun da aka gabatar a tarurruka. A ƙarƙashin kowane kaso kuma ana bin shekara. Wannan tsari ne na mai jera littattafai a kanta, wanda yake son a gane inda kowane littafi yake. Kowane aiki yana samun sakin layi guda, wanda yake ƙarewa da kalmomin da duk muka haddace: aikin yana da alaƙa da wannan bincike domin duk suna magana a kan waƙa, sai dai ya bambanta domin shi a kan wane ya yi magana, wannan kuwa a kan wane. Idan an gama, sai a kafa hujjar ci gaba da bincike da cewa ba a ci karo da aiki mai irin wannan take ba. Rashin samun take iri ɗaya ba hujja ba ce. Ana iya samun take dubu da ba wanda ya taɓa rubutu a kansu saboda babu abin faɗa a cikinsu.

Masanin harshe John Swales, a littafinsa na 1990, ya bi gabatarwar maƙalun bincike masu yawa ya nuna cewa marubutansu suna yin abu uku: su nuna filin da ake aiki a ciki, su nuna giɓi ko saɓani a cikin abin da aka riga aka faɗa, sannan su shiga wannan giɓi da nasu aiki. Mataki na biyu shi ne zuciyar bita, shi ne kuma wanda ɗalibanmu suke tsallakewa. Dalili a bayyane yake. Ba za a ga saɓani tsakanin masana biyu ba idan ɗaya yana cikin kason littattafai ɗayan yana cikin kason mujallu, shafi goma tsakaninsu.

Ga misali daga fagenmu. Ɗalibin da yake nazarin karin wata rubutacciyar waƙa yana da muhawara a gabansa wadda ta ishe shi tsara bitarsa. Joseph Greenberg a 1949, da Mervyn Hiskett a littafinsa na 1975 a kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa, da Galadanci a maƙalarsa ta wannan shekara a mujallar Harsunan Nijeriya, sun nuna dangantakar karin rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci. Dalhatu Muhammad da Russell Schuh kuma sun jawo hankali ga rubutattun waƙoƙin da suka ɗauko karinsu daga waƙar baka da kiɗa. Bitar da ta san abin da take yi za ta haɗa waɗannan a wuri ɗaya, ta bayyana abin da kowane ɓangare ya dogara da shi, ta nuna irin waƙoƙin da kowane bayani ya fi dacewa da su, sannan ta ce ga inda waƙar da nake nazari ta faɗa, ga kuma abin da ba a warware ba. Shafi huɗu na irin wannan sun fi shafi ashirin na jeri. Haka wanda yake aiki a kan littattafan soyayya na Kano yana da muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasu suka tafka a jaridu cikin shekarun 1990.

Na san akwai abin da yake hana ɗalibi yin haka wanda ya wuce rashin sani. Tarbiyyarmu ba ta sakar wa yaro fuska ya ce malam wane da malam wane sun saɓa, balle ya ce ga wanda ya fi gaskiya. Sau da yawa ma ɗaya daga cikin malaman shi ya koyar da mai duba aikin. Jeri mafaka ce, kowa an ambace shi, ba a taɓa kowa ba. Amma ai a zaure ma almajiri yana jin malaminsa yana kawo saɓanin malamai a kan mas'ala, ya faɗi wanda ya fi rinjaye, ba wanda ya ce ya yi rashin ladabi. Abin da ake bukata shi ne a koya wa ɗalibi lafazin da ake yin wannan da shi cikin girmamawa, Hausa kuwa ba ta rasa shi ba.

Tunda an ambaci zaure, ya dace a tuna cewa ƙasar nan ta san tsararren rubutun ilimi tun kafin boko. Littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ihya'us Sunna, babi talatin da uku ne, kuma mafi yawan babobin ƙira ɗaya gare su: a fara kawo abin da sunna ta zo da shi a kan al'amarin, sannan a kawo bidi'o'in da mutane suka ƙirƙira a cikinsa. Wannan ƙira daga manufar littafin ta fito, wato raya sunna da kashe bidi'a, kamar yadda sunansa ya nuna. Mai karatu ko'ina ya buɗe ya san inda yake da abin da zai biyo baya. Ba ina nufin ɗalibin yau ya kwaikwayi wannan ƙira ba. Darasin shi ne marubucin ya san abin da yake son tabbatarwa, sai ya yanka babobinsa daidai da shi.

Wata shekara na je wata kwaleji a matsayin mai jarrabawa na waje, aka kawo mini kundin wata ɗaliba a kan waƙoƙin daka da niƙa na matan ƙauyensu. Na ce ta faɗa mini abin da ta gano a jimla ɗaya. Sai ta karanto mini taken kundin. Na sake tambaya, ta karanto manufar bincike. Da na ajiye kundin na tambaye ta yadda ta tattaro waƙoƙin, sai baki ya buɗe. Ta ce ta lura matan ba su cika yin habaici ga kishiya ba sai suna daka su biyu ko uku, idan mace tana niƙa ita kaɗai kuwa, waƙarta ta fi karkata ga iyayenta da gidansu. Na nemi wannan magana a cikin kundin, na same ta a layi biyu a tsakiyar babi na huɗu, ƙarƙashin kan magana na "jigogi". Yarinyar ta yi bincike na gaske, ta zauna da mata, ta saurara, ta gano abu. Tsarin da aka ba ta ne bai tanadi wurin da za ta ajiye shi ba, ita kuma ba ta ɗauka yana da daraja ba, tunda ba wani masani ne ya faɗe shi ba.

Dole a yi wa tsarin babi biyar adalci. Malamin da aka ɗora wa ɗalibai masu yawa a zango ɗaya yana bukatar abin da zai sauƙaƙa masa dubawa, mai jarrabawa na waje yana bukatar ma'auni ɗaya, ɗalibi mai rauni kuma yana samun sandar dogarawa. Sai dai wannan sauƙi yana da tsada. Kowane babi yana buɗewa da shimfiɗa mai faɗin abin da za a yi, ya rufe da naɗewa mai faɗin abin da aka yi, wato wuri goma ke nan a kundi ɗaya da ba a faɗi sabon abu ba. Abin da ya fi wannan muni, babobi uku na farko ana iya ɗauke su daga wani kundi a dasa a wani, a sauya suna kawai. Masu shagunan kwamfuta na bakin makarantu sun daɗe da gane haka, manhajojin kwamfuta masu rubuta wa mutum abin da ya nema kuma sun ƙara sauƙaƙa abin. Kundin da aka gina a kan tambayar ɗalibi da abin da ya ji da kunnensa ya fi wuyar saye.

Abin da ya shafi manhaja

Kuskure ne a ɗauka cewa gyaran na jami'a ne kawai. Ɗalibin da yake rubuta kundi a shekararsa ta ƙarshe ya shafe shekaru yana rubuta insha'i, kuma a nan ya koyi abin da ake nufi da tsari. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fitar a 2007, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, da manhajar babbar sakandare, duk sun ba insha'i wuri, da ire-irensa: na labari, na bayani, na siffantawa, na muhawara, da wasiƙa. A aji kuwa, abin da ya fi zama a kan yaro shi ne kashi uku: gabatarwa, gundarin jawabi, kammalawa. Wannan ya faɗa masa inda zai fara da inda zai tsaya, bai faɗa masa yadda zai jera abin da ke tsakiya ba, alhali a tsakiyar aikin yake. Insha'in muhawara shi ya kamata ya cike wannan giɓi, amma yadda ake koyar da shi a wurare da yawa, yaro ya fi ƙwarewa a gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai lura da lokaci. Bayan gaisuwa sai dalili na farko, na biyu, na uku, waɗanda ko an juya su ba abin da zai lalace. Yaron da ya girma a kan wannan, idan aka ba shi babi biyar, gurabu biyar zai gani maimakon uku.

A ganina, wurin da ya kamata a sa hannu shi ne sakin layi. Manhajarmu tana da gurbin manufofi, da na ayyukan malami da na ɗalibi, da na auna fahimta. Manufa irin "ɗalibai su iya rubuta insha'in bayani" ta yi faɗi, ba ta gaya wa malami abin da zai duba. Idan aka ce ɗalibai su iya rubuta sakin layi mai magana ɗaya, da hujjar da ta tallafe ta, da jimlar da ta ɗaure shi da na gabansa, malami ya sami abin aunawa. Wannan yana jawo koyar da kalmomin da suke ɗauke da nauyin tunani, irin su domin, saboda haka, sai dai, duk da haka, wato, ke nan. Yara suna amfani da su a baki ba kuskure, amma a rubuce sukan watsa su kamar ado, har ka ga "saboda haka" a inda babu dalilin da ya gabata. A babbar sakandare kuma ana iya sa ɗalibi ya mayar da take ya zama tambaya kafin ya fara rubutu. "Auren wuri" take ne. "Me ya sa iyaye a unguwarmu suke cire 'ya'ya mata daga makaranta bayan aji uku?" tambaya ce, kuma wanda ya yi ta ya riga ya san abin da zai fara da shi da wanda zai je ya tambaya.

Za a ce malami yana koyar da abin da jarrabawa take nema ne, kuma gaskiya ne. Muddin hukumomin WAEC da NECO ba su shiga cikin maganar ba, abin da aka rubuta a manhaja zai iya tsayawa a takarda. Za a kuma ce malamin da yake da aji cike maƙil ba zai iya gyara insha'in kowa ba. Akwai aikin da ba ya bukatar jan biro. Malami ya ɗauki maƙala gajera mai kyau, ya yanka ta sakin layi-sakin layi, ya gauraya, ya raba wa rukunin ɗalibai su mayar da ita yadda take, kowane rukuni ya faɗi kalmar da ta nuna masa cewa wannan ne yake bin wancan. Bayan haka ya sa su yi wa insha'in junansu irin wannan yanka. Wanda abokansa suka kasa mayar da nasa, ko suka mayar ta hanya uku dabam-dabam duk ta zauna, ya ga matsalarsa da idonsa ba tare da malam ya ce komai ba. Takarda da almakashi kawai aikin yake ci, kuma darasi ɗaya na minti arba'in ya ishe shi.

A kwalejojin ilimi da jami'o'i kuwa, sassan Hausa suna da ikon su ce babi biyar ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren da aka yarda da su, su ajiye wa ɗalibai samfurin kundi biyu ko uku masu ƙira dabam-dabam a ɗakin karatu na sashe. Kafin a amince da take, a nemi shafi ɗaya daga ɗalibi mai ɗauke da tambayarsa, da amsar da yake zato, da waƙoƙi ko littattafai ko mutanen da zai nemi hujja a wurinsu. Jerin babobi ya zo bayan an karɓi wannan shafi, kuma a bar masa damar sauya shi idan ya dawo daga fage da abin da bai zata ba.